Shekarar da Na Kwafe Gidan Koki

Kun taso kun tarar ni da Kawunku Kabiru ba ma ga-maciji, kuma na san kowannenku ya tsinci nasa bayanin a bakin dangi. Wasu sun gaya muku a kan rabon gidan Koki ne, wasu sun ce a kan 'yan kunnen Inna ne, har na ji wata ta ce wai tun muna yara nake jin haushinsa don shi ne auta. Wannan na ƙarshen akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba shi ba ne. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda aka yi. Musamman ke Ummi, da aka yi bikinki babu kawunki, kika yi ta kallon ƙofa ba ki tambaye ni komai ba.

Sai na fara da gidan, don ƙananan cikinku ba su riske shi ba. Gidan ƙasa ne mai kauri, irin wanda in ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Daga titi zaure za ka fara shiga, inda kakanku Malam yake zama da allura da zare yana aikin babbar riga, abokansa na kewaye da shi suna gyara duniya. Bayan zaure sai shigifa, ɗan ɗaki mai duhu da warin tsohuwar tabarma. Daga nan ka faɗa tsakar gida: ga rijiya, ga bishiyar lemun tsami, ga madafa, ga turakar Malam, ga matakalar da ke kai ka saman soro inda ake hango Goron Dutse. A can ƙurya ɗakin Inna yake. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma ban taɓa jin an koya wa kowa wannan ba. Yaron maƙwabta da ya saba shigowa a guje, ranar da muryarsa ta fara buɗewa da kansa zai ja birki a shigifa. Murya ma haka take. Inna mace ce mai waƙa, tana daka tana yi, tana jan ruwa tana yi, amma da ta ji sallamar namiji daga zaure sai waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Muna yara mukan yi mata dariya. Ita kuwa ko a jikinta, tana jin baƙon ya tafi za ta ɗora daga inda ta tsaya.

Babban wanmu, Yaya Lawan, shi Allah ya ɗora wa son rikoda. Tun yana saurayi ya sayi wata mai cin kaset, ya hana kowa sakat a gidan. Ya ɗauki hirar Malam da abokansa, ya ɗauki tatsuniyar Gwaggo, ya ɗauki faɗan mata a madafa, har ƙarar ruwan sama a indararo sai da ya ɗauka. Da girma ya zo masa, kasetin suka fara cin kansu, sai ya koma juye su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Ni a lokacin ina sashen kwamfuta na wata ma'aikata, aikina ke nan, kuma ina ji da kaina. Sau da yawa na ce ya kawo in tsara masa.

"Ke dai Hadiza bar ni da shirmena," in ji shi. "Ni na san inda na ajiye kowa."

Shekarar da nake ba ku labari, Yaya Lawan ya rasu a farkon damina. Malam da Inna sun daɗe da tafiya, shi kaɗai ya rage yana riƙe da gidan. Bayan arba'in aka sayar wa wasu 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke neman wurin ajiye kaya, kuma kafin ruwa ya ɗauke sun baje shi. Na bi ta lungun sau ɗaya, na ga tulin ƙasa da bulo, na ga kututturen lemun tsamin a yashe a gefen kwata. Ban sake bi ba.

A cikin wannan damina Kabiru ya zo daga Abuja ya same ni a gidanmu na nan Goron Dutse, wannan dai na bulo mai get ɗin ƙarfe da kuka girma a ciki. Ya ajiye mini wani ɗan baƙin faifan ajiya da bai fi tafin hannu ba, wanda aka samu a ɗakin Yaya. Fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya samo wa baƙin cikinsa aikin yi.

"Yaya Hadiza, ke ce injiniyarmu. Abin nan a hargitse yake, folda cikin folda cikin folda, sai ka gaji da dannawa ba ka kai ga komai ba. Ki jera mana shi shekara-shekara. Akwai wani malamin jami'a da ke tara muryoyin tsofaffin cikin birni, na yi masa alkawari. Za a sa a intanet, jikokin Malam na ko'ina su ji kakanninsu."

Na ce masa wannan ai aikin yini guda ne, har da ɗan yanga na faɗa. Kuma da gaske na ji daɗi, don na ga alheri a cikin maganarsa. Irin wannan aiki ba da hannu ake yi ba. Rubuta wa kwamfuta umarni ake yi, 'yan layuka kaɗan, abin da muke ce wa sikirif a ofis. Ka ce mata: shiga kowace folda, in kin sami wata a ciki ita ma ki shiga, duk fayil ɗin da kika gani ki duba shekararsa, ki kai kwafinsa foldar wannan shekara, in babu foldar ki ƙirƙira. Shi ke nan, ka koma ka sha shayinka. Abin da ya sa nake son sikirif shi ne ba ya gajiya, ba ya tambaya. Sai a wannan shekarar na lura kunya ma ba ya ji.

Washegari bayan azahar hadari ya haɗo, na zauna na haɗa faifan don in ga girman hargitsin. Folda ɗaya tak na gani, sunanta Zaure. Na buɗe. Ga Malam da abokansa, fayiloli rututu, a ƙarshensu kuma wata folda guda, Shigifa. Na buɗe ta, na tarar da 'yan abubuwa kaɗan, muryar mai tallan nono, gaisuwar wani ɗan'uwa da ya zo daga ƙauye, sai kuma folda guda, Tsakar Gida. A nan hannuna ya tsaya a kan linzamin kwamfutar. Da na danna sai gidan ya buɗe a gabana: Gindin Rijiya, Madafa, Turakar Malam, Ɗakin Gwaggo, Saman Soro, Ɗakin Inna. Ashe Yaya bai bi shekara ba, bai bi suna ba. Kowace murya ya mayar da ita wurin da ya ɗauke ta. Kuma kamar yadda yake a Koki, babu hanyar da za ka kai ɗakin Inna ba ka ratsa zaure da shigifa ba.

Ruwa ya sauko, ni kuwa na shige gidan ban fito ba sai da aka kira la'asar. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ina zaune a kujerar roba a falon nan, amma ƙafata tana jin damshin ƙasar tsakar gida. Na hau Saman Soro na ji mu muna yara muna gardamar ko an ga wata. Na sauko Madafa na ji muciya na bugun tukunya, Gwaggo tana cewa wane ne ya taɓa mata daddawa. Na tsaya a Gindin Rijiya na ji guga ya faɗa, ya cika, igiya na kuka a bakin itace. Ruwan da ke zuba a kan kwanon gidanmu ya gauraya da wanda Yaya ya ɗauka a indararo shekaru aru-aru, har na kasa bambance na yau da na da. Da na zo ƙofar Ɗakin Inna sai na ji bakina ya yi sallama da kansa. Babanku da ke wucewa ya amsa, ya leƙo yana neman baƙon. Ranar ban shiga ɗakin ba, zuciyata ba ta kai ba.

Duk da haka na rubuta sikirif ɗin da aka sa ni, don na riga na amsa. Na gwada shi a kan kwafi, kamar yadda aka koya mana, ba a taɓa asali sai an ga abin da zai fito. Na zuba ido layuka suna gudu a allon, yana shiga ɗaki yana fita, yana shiga yana fita, babu sallama babu cire takalmi. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Shekaru sun jeru tsaf, kowa zai iya samun abin da yake nema da dannawa biyu. Amma gidan ya tafi. An fito da kowa titi an jera shi a layi. Na buɗe wata shekara na ga hirar Malam da wani dillalin zare, a gefenta kuma, kafaɗa da kafaɗa, wani fayil da Yaya ya sa wa suna Waƙar Auta. Na duba inda aka ɗauko shi. Daga Ɗakin Inna ne, daga wata 'yar folda a can ciki mai suna Bakin Gado.

Na danna. Aka ɗan yi shuru, sai motsin gadon ƙarfe, sai muryar Inna ta tsufa. Kun san ba ta taɓa kiran sunan Yaya Lawan ba, ɗan fari ne.

"Kai wannan, abin naka ya fara ɗauka ne?"

"Ya fara, Inna."

"To ka ji. Zan yi maka don ka dame ni. Amma wannan ba ta wuce shigifa ba. Ko bayan raina."

"Ba za ta wuce ba, Inna."

Sannan ta yi waƙar. Ita ce wadda ta riƙa yi a ƙasan maƙoshi lokacin da ƙyanda ta kwantar da Kabiru yana jariri, bayan ta riga ta binne biyu a gabansa. Na tuna lokacin dishi-dishi, ni ce mai riƙe mata fitila. Ba waƙar daka ba ce. Mace ce take roƙon Ubangijinta ya bar mata wannan ɗaya, tana faɗin abubuwan da ba ta taɓa faɗa wa Malam ba. Na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Na saurari wasu na ɗakin, na ji ba sau ɗaya ta kafa wannan sharaɗi ba, haka ma Gwaggo a nata ɗakin. A nan na gane abin da Kabiru ya kira hargitsi. Yaya ya yi alkawari, kuma da ginin nan ya cika shi.

Na goge kwafin da aka jera. Na zauna na rubuta wani sikirif daban. Shi wannan yana bin gidan ne ɗaki-ɗaki, yana gina kowane da sunansa a inda yake, zaure kafin shigifa, shigifa kafin tsakar gida, har 'yar foldar Bakin Gado bai bari ba. Amma muryoyi sai na Zaure da na Shigifa kaɗai na ce ya kwafa. Daga tsakar gida zuwa ciki, ɗakuna kawai zai gina ya bar su fayau. Babanku ya tsaya a bayana yana kallo.

"Hadiza, in dai ɓoyewa za ki yi, me ya sa ba za ki cire ɗakunan gaba ɗaya ba? Ai bai san da su ba."

"Ba ɓoyewa nake yi ba, Alhaji. Rufewa nake yi. Gara ya ga ƙofar ya san ni na ja ta."

"To Allah ya sa ya ɗauka. Ni dai na san ƙanin naki."

Bai ɗauka ba. Ya zo ranar wata Juma'a da kwamfutarsa, na ba shi ɗan filash ɗin da na kwafa masa gidan a kai ya sa. Yana ganin Zaure da Shigifa ya yi murmushi, ya ce Allah ya jiƙan Yaya da rigima. Ya shiga Tsakar Gida. Ya buɗe Madafa, babu komai. Ya buɗe Gindin Rijiya, babu komai. Ya buɗe Ɗakin Inna ya daɗe yana kallon farin allo, sannan ya ɗago. Na gaya masa duk abin da na ji, ban rage ba.

"Ni baƙo ne, Yaya? Uwata ce."

"Kai ba baƙo ba ne. Zauna yanzu in kunna maka duka, ka kwana kana ji. Amma ba za ta bi ka waje ba, don kai ka riga ka yi wa baƙo alkawari."

"Kunya ta masu rai ce. Inna ta tafi. In faifan nan ya mutu a durowarki fa? Mazan zaure su zauna a tarihi, matan da suka haife mu su ɓace? Haka kike so?"

Wannan maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta, kuma har yau ban gama ba ta amsa ba. Na ce masa ni dai na ji da kunnena an ce ko bayan raina. Ya ce in ba shi faifan tunda shi ya kawo. Na ce ba zan bayar ba. Ransa ya ɓaci, ya ce ai shi ma magaji ne, in ma lissafi za a yi kasonsa ya ninka nawa. Kun san bakina. Na ce to a kira alƙali ya raba waƙar, a ba shi baiti biyu a ba ni ɗaya. Ya zare filash ɗinsa ya miƙe. Na bi shi har get ina cewa ya tsaya ya ji muryarta ko sau ɗaya.

"Ba zan ji uwata a hannunki kamar sadaka ba," in ji shi. Ya ja motarsa.

Muryoyin zaure sun fita duniya, kuma na yi murna da hakan. Har ku kun turo mini kuna cewa ga Malam yana dariya. Amma Kabiru bai sake tako gidan nan ba. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na kira ba a ɗauka ba, na aika an dawo da aiken. Bikin Ummi ya turo gudummawa ta hannun wani, shi bai zo ba. Rashin lafiyar matarsa a bakin mutane na ji. Ina so ku sani abin ya ci ni ƙwarai. Yaron nan ni na goya shi har bayana ya yi kanta, ni na koya masa hawa matakalar soro. Akwai ranakun da na ɗauko faifan na ce bari in aika masa kowa ya huta, sai in ji motsin gadon ƙarfen nan a kunnena, in mayar. Maganarsa ta mutuwar faifai kuwa ban yi wasa da ita ba. Na kwafa wa 'yan'uwana mata cikakken gidan, kowa da sharaɗin. Kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka nakan sayi sabon faifai in saki sikirif ya sake gina gidan a kai, kamar yadda Malam yake sa a yi wa katanga yaɓe. Ummi ta san durowar, ta kuma san yadda ake yi.

Sai bayan ya yi ritaya, matarsa ta rasu, wata ranar damina bayan la'asar na ji an buɗe get. Na leƙa na ga wani tsoho da furfura da sanda, sai da ya yi magana na gane autan Inna ne. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, na yi masa ta'aziyya, na kawo masa ruwa. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Yaya, ɗakunan nan da kika ba ni, har yanzu suna nan. Nakan buɗe su. Ba komai a ciki, amma in abin ya dame ni nakan shiga na Inna in zauna."

Na miƙe na buɗe durowa. Na ɗauko faifan na haɗa da lasifika, na tura masa linzamin. Bai yi tsalle ba. Ya bi ta Zaure, ya ratsa Shigifa, ya ɗan tsaya a Gindin Rijiya ya ji guga ya cika. Da ya zo Ɗakin Inna na ga ya zare ƙafafunsa daga cikin takalmi, ban san ko shi ya lura ba. Ya ga Waƙar Auta ya dube ni, na ɗaga masa kai. Gadon ƙarfe ya motsa. Inna ta kafa sharaɗinta, Yaya ya amsa. Sannan ta fara, ruwa na sauka a hankali a kan kwano, mutumin da ya haura sittin yana jin yadda aka roƙo masa rai. Bai san da waƙar ba, babu wanda ya taɓa gaya masa. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Tana tsakiyar baiti sai muka ji an ƙwanƙwasa get, muryar wani abokin babanku ta yi sallama. Na yunƙura in kai hannu, amma hannun Kabiru ya riga nawa. Ya murɗe lasifikar har muryar Inna ta ɗauke, ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Wa alaikumus salam. A ɗan jira a zaure."

Kun dai san gidan nan ba shi da zaure.